Mun Bi Ruwa Har Dagona

Hanyar Kano zuwa Nguru doguwa ce, kuma a cikin hunturu ba ta da abin kallo sosai. Ka wuce Gezawa, ka wuce Gujungu, gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da awaki suna kiwo a tsakani, ga hazo ya rufe nesa. Yaran da na ɗauko 'yan ƙaramar sakandare ne, maza da mata. Tun da muka bar gari bayan asuba suka cika bas da surutu, amma kafin hantsi rabinsu sun yi barci. Wata malama abokiyar aikina tana baya tare da matan, ni ina gaba kusa da direba, riƙe da jakar litattafan rubutu da fensira da madubin hangen nesa da muka aro.

Kimiyya nake koyarwa, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ka ce wa yaro ya lissafa namun daji, zai kawo maka zaki da giwa da damisa, har da dabbobin ƙasashen ƙanƙara da ya gani a waya. Ka ce ya faɗi tsuntsaye biyar da ke sauka a tsakar gidansu, sai ya tsaya a kurciya da tattabara yana sosa ƙeya. Ruwa kuwa, a saninsu, daga famfo yake fitowa, ko daga kurar 'yan ga-ruwa. Shugaban makarantarmu ya so mu je gidan zu mu dawo kafin la'asar, ya fi arha kuma hankalin iyaye ya fi kwanciya. Na nace a kan fadamar Hadejia-Nguru, domin dabbar da ke cikin keji ba ta nuna wa yaro inda take ci da inda take sha, balle abin da zai same ta ranar da ruwan ya ƙafe.

A Hadejia muka fara tsayawa. Na tashe su, na jera su a bakin kogi, na tambaye su daga ina suke jin ruwan nan ya taho. Wani ya ce daga teku, wata ta ce daga Nijar. Da na ce musu ta bayan gidajensu ya biyo, sai suka yi dariya. Na tsuguna na zana musu a ƙasa da tsinke. Ga Kogin Kano, wanda aka tare da madatsar Tiga a shekarar 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Bako. Ga Kogin Challawa, shi ma an tare shi a 1992. Su biyun suna haɗuwa, su wuce ta Wudil, su zama Kogin Hadejia. Kafin ruwan ya iso nan, birnin Kano ya ɗebi na sha a Tamburawa da Challawa, manoman Kadawa sun ɗebi na tumatir da shinkafa da alkama. Abin da ya rage shi ne wannan. Daga nan kuma ƙasa ta baje, babu gangare sosai, ga tsofaffin jigayin yashi suna tare masa hanya, sai ya rarrabu ya malale ya zama fadama. Can gaba wajen Gashuwa yake gamuwa da Kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe, su bi iyakar Najeriya da Nijar har Tafkin Chadi.

Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu.

"Malam, to har da ruwan kwatar gidanmu?"

Na ce mata ruwa ba ya hawa tudu, duk inda aka zubar da shi gangare yake nema, kuma gangaren Kano nan ya nufo. Ta dubi kogin, ta dubi wasu mata da ke wanki a can gefe, ba ta ƙara cewa komai ba.

Mun leƙa kasuwar kifi. Banda ce jibgi-jibgi, tarwaɗa an naɗe ta an soke da tsinke, ga karfasa, ga kurungu. Amma abin da ya tsayar da yaran shi ne tarin busassun kwaɗi. Matan suka ja da baya suna toshe hanci, mazan suka matsa suna tambayar farashi don neman magana. Mai kayan ya ce yawanci kudu ake kai su, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje da dama. Na bar su suka gama mamaki, sannan na tambaye su me kwaɗo yake ci. Ƙwari. To in an kwashe kwaɗin fadama buhu-buhu, wa zai ci ƙwarin? Ban nemi amsa a lokacin ba, kuma ban yi tambayar don a ga laifin mai sana'a ba. So nake su fara ganin cewa kowace halitta a nan tana riƙe da wani aiki.

Muka bi ta Birniwa muka shiga Nguru da yamma, garin da layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930. Bayan isha'i na ɗan yi musu bayanin inda muke. A ranar 2 ga Fabrairun 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran, shi ya sa har yau ake bikin ranar fadamu ta duniya a wannan rana. Wuri na farko da Najeriya ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar shi ne Tafkin Nguru da mashigar Marma, a shekarar 2000. Dagona da Baturiya, su ma a cikin wannan fadama, sun biyo baya a 2008. Gajiya ta ci su, ban ja zancen ba.

Da sanyin asuba muka nufi Dagona, a ƙasar Bade. Wurin yana cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi na ƙasa, don haka wani ma'aikacin gandun ne ya yi mana jagora, dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Tafkin kansa tsohuwar hanyar kogi ce mai lanƙwasa, wadda kogin ya bari da ya sauya hanya, ambaliyar damina ke cika ta duk shekara. Kafin mu isa bakin ruwa ya tsayar da mu a ƙarƙashin wata bagaruwa ya ba da doka: ba gudu, ba ihu, ba nuni da hannu a sama, kowa ya samu wuri ya zauna. Ya ce tsuntsu ya riga ka ganin ka, abin da ya rage shi ne ya yarda ba cutar da shi ka zo yi ba.

A duk tafiyar nan babu abin da ya fi yi wa yaran wuya irin zaman shirun nan. Wannan ya yi tari, wancan ya taka busasshen ganye, wata ta fara ƙyalƙyala dariya ba dalili. Zakaran ƙeƙuwa kuwa ya riga ya tona mana asiri, yana kewaya kanmu yana ƙara, duk tafkin ya san an yi baƙi. Amma da muka daure, a hankali ruwan ya koma harkarsa.

Kirinjijiya muka fara ji kafin mu gan su, fito suke yi siriri, garke guda a bakin ruwa, fuskokinsu fari tas. Ga dinya, baƙa da fari, babba, tana tafiya cikin ƙasaita. Ga dani, namijin da ƙullutu a kan baki. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, har wani yaro ya rantse itace ne, sai ga shi ya caka baki ya ɗago da kifi. Wani tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado bai nutse ba, yatsun ne ke raba nauyinsa a kan ganyen. Belbela ce kaɗai kowa ya sani.

Na riga na gaya musu kada wanda ya tambayi suna tukuna. Kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta abin da idonsa ya gani: ya fi kurciya girma ko bai kai ta ba, launin baki, launin ƙafa, a ruwa yake ko a tudu, me yake yi, shi kaɗai ne ko cikin garke. In zai iya, ya zana. Na lura yaro da zarar an ba shi suna ya gama kallo, ya rubuta ya juya. In ka hana shi sunan, dole ya ƙara dubawa. Madubin hangen nesa ya riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, ana ƙananan rigingimu a kan wa ya daɗe da shi.

Jagoranmu ya nuna musu wasu ƙananan agwagi can tsakiyar ruwa, mazan da farin zane a saman ido, da wasu masu dogon wuya da wutsiya mai tsini. Ya ce waɗannan baƙi ne. A Turai da Rasha suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe, in sanyi ya daskarar da tafkunan can sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Ƙaramin cikinsu bai kai rabin kilo ba. Idan suka fito daga hamada a gajiye, manyan wuraren ruwa da ke jiran su kaɗan ne: bakin Kogin Senegal, fadamar Kogin Kwara da ke tsakiyar Mali, Tafkin Chadi, sai wannan namu. Suna isowa bayan damina, su koma wajen watan Maris. Saboda su ne ma Turawa masu sha'awar tsuntsaye suka san Dagona, har Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo nan a 1989. Tun 1987 aka kafa shirin kula da fadamar Hadejia-Nguru, wanda ya riƙa ƙidayar tsuntsayen ruwa a irin wannan lokaci.

Wani yaro ya tambayi ina shamuwa, don kakarsa ta ce ita ce sarauniyar tsuntsayen ruwa. Jagoran ya yi murmushi ya ce ita ma matafiyiya ce, amma tata hanyar daban. Ruwan sama take bi. Yanzu tana kudancin Afirka inda ake damina, sai namu ruwan ya kusa sauka za ta dawo ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, shi ya sa manomi ke gyara garma in ya gan ta. Wato lokacin da baƙin Turai ke haɗa kaya, ita kuma tana hanya.

Muna nan sai ga wani yaro ɗan masunta, sa'ar ɗalibaina, ya tsaya daga nesa yana kallon mu. Malama ta yafito shi. Da farko kunya ta hana shi magana, amma da suka fara nuna masa zanensu sai bakinsa ya buɗe. Ya san wanne ke kwana a kan ruwa, wanne ke kwana a bishiya, wanne ke fita cin shinkafar da ta zube a gona da dare. Shi ne ya ba su labarin gaiwa. Ya ce in ruwa ya janye, gaiwa takan nutse cikin laka ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, lakar ta bushe ƙamas a kanta, tana nan da rai har ruwa ya dawo. Ya ce su da rani da fartanya suke haƙo ta. Yarana suka ce ƙarya ne, kifi ba ya rayuwa babu ruwa. Suka juyo gare ni in raba gardama. Na ce gaskiyarsa, gaiwa tana da huhu, iska take shaƙa ta ɗan ramin da ta bari, kuma jikinta yakan rage aiki ƙwarai har ta yi watanni ba ci. Abin da ke cikin littafinmu a layi biyu, shi ya riƙe shi da hannunsa. Babu jarrabawar da za ta tambaye shi wannan sani, kuma a ganina asarar ta makaranta ce.

Da rana ta ɗaga, mazan suka fara naɗe wando za su shiga ruwa. Malama ta daka musu tsawa. Na sa ɗan masuntan ya tsamo mana 'yan ƙananan katantanwa daga jikin ciyawa, muka zuba a murfin roba suka kewaye. Na ce a cikin irin waɗannan ne tsutsar tsargiya ke girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga baya ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki, ba sai ya sha ba. Wasu daga cikin mazan suka sunkuyar da kai. Daga baya ɗaya ya same ni a gefe ya ce a unguwarsu masu wanka a kududdufi suna ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma ce musu aka yi alamar girma ce. Na ce cuta ce, tana da magani, ƙwayar praziquantel da ake rabawa a makarantu, kuma in aka bar ta tana lalata mafitsara. Ko wannan kaɗai aka samu, kuɗin mai bai tafi banza ba.

Da la'asar muka koma wajen Nguru, wani tsohon masunci ya ɗauke mu rukuni-rukuni a kwalekwalensa, ba mu yi nisa da gaɓa ba. Nan muka ga kacala, wata doguwar ciyawar ruwa. Ta fi mutum tsayi, ta tsaya dama da hagu kamar ganuwa, sai 'yar siririyar hanya da aka sara da lauje. Tsohon ya ce yana yaro ba haka take da yawa ba. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya share hanyoyinsa, da rani ya janye ƙasa ta bushe, a yi noman rani a bayansa, shanu su samu ciyawa. Tun da aka yi madatsun ruwa, ambaliyar ta rage ƙarfi, ga kuma ɗan ruwa da ake saki duk shekara, ba zurfi ba gudu, irin wanda kacala ke so. Ta toshe mashigai, laka ta taru a gindinta, sai ruwa ya rasa hanya ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma can ƙasa suna jiran sa bai zo ba. Jama'a kan yi gayya su sare ta, gwamnati kan kawo injinan yashe kogi, ana kuma gwajin mayar da ita gawayi da abincin dabbobi, amma saiwarta tana ƙasa.

Muna cikin magana wani baƙin gajimare ya taso daga cikin kacalar yana murɗawa. Jan-baki ne, dubbai. Yaran suka yi ta tafi. Wata daga cikinsu, cike da abin da ta koya da safe, ta ce wa tsohon ai bai kamata a riƙa kashe tsuntsaye ba.

Ya dafa sandar tuƙinsa ya dube ta.

"'Yata, babanki yana noma?"

"A'a, Baba, a kasuwa yake."

"To waɗannan da kike wa tafi, in suka sauka a gonar shinkafa da safe, kafin azahar mai gonar ya zama abin tausayi. Jikokina tun asuba suke gona da gwangwani suna kora, makaranta ma sai an girbe."

Ta rasa abin cewa, ni kuma ban cece ta ba. Ba na son in mayar da yara masu ƙaunar tsuntsu da raina manomi. Jan-baki yana samun mafaka a kacala, kacala ta samu wuri saboda yadda aka sauya tafiyar ruwa, an sauya tafiyar ruwa don Kano ta sha ta kuma yi noman rani, tumatirin da ke cikin miyar gidansu yana cikin lissafin. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki sun auna abin da fadamar nan ke samarwa, kifi da noma da itacen wuta, suka gano cewa in aka kwatanta da yawan ruwan da ake sha, amfaninta ya zarce na noman ranin da ake tare ruwan dominsa a sama. Duk da haka ba wanda zai ce a fasa Tiga. Maganar ita ce yadda za a riƙa sakin ruwan, da yaushe, da kuma ko ana jin muryar irin wannan tsoho in an zauna rabo.

A hanyar dawowa na tambaye su me za mu iya yi a Kano, inda babu dinya babu tafki, kududdufan ma ana ta cike su ana gini. Shawarwarin farko manya ne, har da mai cewa a rubuta wa gwamna. Muka sauko zuwa abin da ke hannunmu.

Kasko muka saya, na ƙasa, mai faɗi marar zurfi. Ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, don ƙananan tsuntsaye ba iyo suke yi ba. Muka zuba tsakuwa da ɗan dutse a ciki yadda ƙudan zuma zai samu wurin tsayawa ya sha bai faɗa ba. Muka ɗora shi a kan tubala a inuwa, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. Iyaye biyu-uku sun aiko da ƙorafin cewa gidan sauro muke koya wa 'ya'yansu ginawa, kuma tsoronsu yana kan hanya. Amsar tana cikin lissafi: daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana ɗaukar kusan mako guda zuwa kwana goma, don haka in ana zubar da ruwan a goge kaskon kullum ko bayan kwana biyu, ba zai kai ba. Tsohuwar taya da gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki su ne gidan sauro na gaske, su muka sa aka kwashe.

A bayan ajujuwa muka bar wani lungu da ba a sharewa ƙal, ganye ya taru, da 'yan duwatsu, nesa da inda ake zama saboda kunama. Muka haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin zogale da magaryar da muka dasa, ruwan da dā yake kwanciya ya yi caɓi yanzu bishiya ke sha. Wasu sun yi irin wannan a gidajensu, wasu iyayen sun hana, ban matsa ba.

Yanzu da bazara ta kankama kaskon ba ya rabuwa da baƙi. An rataye littafi a bakin ɗakin gwaji, duk wanda ya ga wani abu ya rubuta rana da lokaci da kamanni. Kurciya da gwara ne suka fi cika shafi, sai baiwar Allah ja-ja da ke zuwa bibbiyu, ƙadangaru da tsakar rana, ƙudan zuma kuwa tun safe. Maigadi ya ce ya ga bushiya da dare a lungun ganyen, aka yi ta gardama ko a rubuta tunda ba ɗalibi ne ya gani ba, daga ƙarshe aka rubuta da sunansa.

Matsalar da ba mu zata ba ita ce danƙo. Yaran unguwa sun gano cewa tsuntsaye na taruwa wuri ɗaya, sai suka riƙa hawa katanga bayan an tashi. 'Yan ajina suka so a kai ƙara wurin mai unguwa. Malama ta ce a fara gwada kiran su a ba su aikin cika kaskon da yamma, da fensir su ma su riƙa rubutu. Biyu sun karɓa, sauran har yanzu suna hawa katanga. Hutu kuma ya kusa, maigadi ya yarda zai riƙa sauya ruwan, da sharaɗin a saya masa bokiti nasa na kansa, don na masallaci ba a fita da shi.